Yadda ake auna saurin intanet da sabar gwaji ta jama'a

Akwai wani dattijo mai fataucin aya da wake kusa da babbar kasuwar Maradi wanda nake duba wa wifin shagonsa. Wata rana bayan la'asar ya aiko a kira ni. Ina zuwa ya miƙo mini salularsa, allon na nuna lamba 28 ta gwajin saurin intanet, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Yara sun ce intanet ɗina lafiya lau yake. To me ya sa in na kira mutumina na Kano ta bidiyo don in nuna mishi buhuna, sai hoton ya daskare, murya ta riƙa yankewa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lambar gaskiya ta faɗa, amma rabin zancen ne. Ka ba ni mako guda in kawo maka sauran."

Wanda ya sayi tiya goma ta gero, a gabansa ake awo, yana gani ana zubawa. Intanet kuwa kuɗi muke biya kullum ba mu ga awon ba. Ana iya ganinsa, sai dai danna maɓalli sau ɗaya a kalli allura ta juya bai isa ba. Ga yadda nake yi, tun daga shiri har zuwa rubuta sakamako.

Abin da ake aunawa

Abu uku ne. Saukowa, wato saurin da bayanai ke zuwa gare ka, kamar in kana kallon bidiyo. Hawa, wato saurin da naka ke fita, kamar in kana tura hoto ko kana magana ta bidiyo. Sai jinkiri, wanda ake kira ping: lokacin da ɗan saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana lissafa shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Kafin a ci gaba sai an raba wata gardama, domin "mega" biyu gare mu. A Nijar forfe da Mo da Go muke sayen sa, megaokte da jigaokte. Shi kuma sauri da megabit a sakan ake auna shi, a rubuce Mbit/s ko Mbps. Okte ɗaya bit 8 ne. Layin da ke gudun megabit 8 a sakan, Mo 1 kacal yake sauke maka a kowane sakan, don haka fayil mai Mo 100 sai ya ci minti ɗaya da sakan 40. Na sha ganin mutum ya fusata wai an sayar masa da mega 8 amma yana ganin 1 a wajen saukar da fayil, alhali a wannan karon ba a rage masa komai ba. Kullum ka dubi harafin da ke bayan lambar.

Me ya sa sai da saba

Ba a auna sauri da na'ura ɗaya. Dole akwai wata a can ɗaya ɓangaren da za ta turo maka bayanai ko ta karɓi naka. Ita ce saba: kwamfuta mai faffaɗan layi da ke kunne dare da rana tana jiran masu gwaji. Galibinmu ba za mu iya kafa tamu a gida a same ta daga waje ba, saboda kamfanonin salula kan haɗa mutane da yawa a bayan adireshin intanet guda, ta yadda wanda ke waje ba shi da hanyar ƙwanƙwasa ƙofarka kai tsaye. Shi ya sa muke dogara da sabobin da wasu kamfanoni da cibiyoyi suka buɗe kyauta ga kowa.

Ita irin wannan saba, musamman ta manhajar iperf3 da zan yi bayani a kanta, kamar injin niƙan unguwa take. Kwano ɗaya ake zubawa a lokaci guda. In ka tarar ana niƙa wa wani, sai ka jira ko ka nemi wani injin. Wannan ya shafi sakamakonka, ya kuma ɗora maka nauyin ladabi, domin wani ne ke biyan kuɗin wuta da na layi, kai kuma kana amfana a banza.

Mataki na 1: Share fili

Gwajin na auna abin da ya rage ne a layin, ba dukan layin ba. In akwai mutum biyar suna kallon bidiyo a wifin gidan, ragowarsu za ka auna. Saboda haka a gwajin farko ka roƙi kowa ya sauka na minti biyar. Ka rufe sauran manhajojin na'urarka, ka tabbata ba ta sabunta kanta a ɓoye, ka kashe VPN in kana da shi, domin yana karkatar da bayananka ta wata ƙasa kafin su isa. Ka cire salula daga yanayin tsimin batiri.

In da kwamfuta za ka yi kuma akwatin wifinka na da wajen soka kabul, to soka kabul ɗin. Ta haka ka fitar da wifi daga cikin zance, kamfanin kaɗai kake aunawa. In da sim ɗin salula kai tsaye ne, kashe wifi, ka duba saman allo ka ga 4G ne ko 3G, ka riƙe wannan a ranka. Masu zuwa wajajen Ɗan Isa da sauran garuruwan bakin iyaka su duba sunan rezon da salula ta kama, don takan tsallaka ta kama na Najeriya ba tare da mai ita ya lura ba.

Mataki na 2: Lissafa abin da gwajin zai ci

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi taɓa aljihu. Gwaji ba kallo ba ne, bayanai na gaske ake turawa, kuma daga forfenka ake cirewa. Lissafin mai sauƙi ne: sauri sau sakan, raba da 8. Layin megabit 10, gwajin sakan 10, ya ci Mo 12.5. Layin megabit 40 ya ci Mo 50 a wannan sakan goman. Wato gwargwadon kyan layinka, gwargwadon tsadar gwajinsa. Mai ƙaramin forfe na yini ya yi tunani kafin ya maimaita sau biyar don jin daɗin ganin lamba.

Mataki na 3: Awon farko na gaggawa

Ka fara da wanda kowa ya sani. Speedtest na kamfanin Ookla, wanda ya fito tun 2006, yana zaɓar maka saba da kansa, yawanci wadda ta fi saurin amsawa, sannan ya buɗe layuka da yawa a lokaci guda don ya cika bututun. Fast.com na Netflix, wanda aka buɗe a 2016, yana aunawa ne da sabobin Netflix ɗin kansu. In ka danna wajen ƙarin bayani a ƙarƙashin lambar, zai nuna maka hawa, da jinkiri iri biyu: lokacin da layin ke hutawa da lokacin da yake ɗauke da kaya. Akwai kuma gwajin M-Lab, wanda aka kafa a 2009. Shi ya kamata ka san cewa yana wallafa sakamakon gwaje-gwaje a fili don masu bincike, har da adireshin intanet ɗin da aka yi gwajin da shi.

Ka rubuta lambobin uku, ka kuma rubuta sunan garin da sabar take. Kada ka yi mamaki in waɗannan ukun sun ba ka lambobi daban-daban a minti ɗaya. Kowanne hanya daban ya bi, zuwa wuri daban.

Wannan awon na da amfani, amma bai ba ka iko sosai ba. Ba kai ke yanke tsawon gwajin ba, ba kai ke yanke yawan Mo ɗin da zai ci ba, kuma ba ka ganin abin da ya faru sakan bayan sakan. Anan iperf3 ke shigowa.

Mataki na 4: Saka iperf3

Manhaja ce ta kyauta wadda ESnet, cibiyar sadarwar masu binciken kimiyya ta ma'aikatar makamashin Amurka, ke kula da ita. Ba ta da hoto ko allura, rubutu ake yi mata a baƙin allo, amma umarnin kaɗan ne.

A kwamfuta mai tsarin Linux, kamar Ubuntu da danginta, buɗe Terminal, wato baƙin allon, ka rubuta:

sudo apt install iperf3

A salular Android, fara saka Termux, manhajar da ke ba salula baƙin allo, wadda aka fi ɗaukowa daga rumbun manhajoji na F-Droid, ka buɗe ta ka rubuta:

pkg install iperf3

A Windows kuwa sauke ta ake yi a dunƙule cikin fayil ɗin zip. Ka warware shi a jaka guda, kada ka raba fayilolin da ke ciki domin tare suke aiki. Ka shiga jakar, ka danna wajen adireshin da ke sama, ka rubuta cmd ka danna Enter. Baƙin allo zai buɗe a daidai wannan jakar.

Wani ya taɓa tambaya ta ko wannan abu na kwashe hotunan mutum ne ya tura waje. A'a. Tarkacen bayanai marasa ma'ana take ƙirƙira ta tura don ta ga nawa suka wuce. Mai sabar yana ganin adireshin intanet ɗinka, kamar yadda kowane shafi ke gani, ba ya ganin fayilolinka.

Mataki na 5: Zaɓi saba

Shafin iperf.fr na da jerin sabobin jama'a, kowace da adireshinta, da garin da take, da lambobin ƙofofinta. Ka duba jerin kafin ka fara, saboda sabobin kan rufe wasu kuma su buɗe. Ƙofar iperf3 ta asali ita ce 5201, amma masu manyan sabobi kan buɗe ƙofofi da yawa a jere don mutane da dama su yi gwaji tare. Misali ping.online.net da ke Faransa, an san ta da ƙofofi daga 5200 zuwa 5209.

Anan nake so a tsaya a yi tunani, domin zaɓin saba shi ne rabin gwajin. Nijar ba ta da teku. Intanet ɗinmu na zuwa ne ta zaren gilashi da ya taso daga gaɓar teku ya ratso ƙasashen maƙwabta kafin ya iso mu. Mun ɗanɗani ma'anar haka ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma Nijar na cikin ƙasashen da abin ya shafa duk da nisanta da ruwan.

Haske a cikin zaren gilashi na tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Ma'ana kowane kilomita 100 na ƙara milisakan 1 a zuwa da dawowa. Daga Maradi zuwa Yamai kilomita ɗari shida da wani abu ne, wato milisakan bakwai ko ƙasa da haka. Daga Maradi zuwa Paris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, milisakan 40 ke nan, kuma zaren ba a miƙe yake tafiya ba, sai ya gangara teku ya zagayo. Saboda haka in ka ga jinkirin sabar Turai ya haura 100, wannan kaɗai ba hujja ba ce ta cewa layinka ya lalace. Nisa ne.

Haka kuma kusanci a taswira ba shi ne kusanci a intanet ba. Katsina na nan kusa da mu, ba ta kai kilomita 100 ba, amma saƙon da ka tura wa na'urar da ke can kan iya bi ta Yamai, ya gangara bakin teku, sannan ya hauro ta Legas. In kana son ganin hanyar da idonka, rubuta tracert da adireshin sabar a Windows, ko traceroute a Linux, za ta jero maka zangon da saƙon ya yada ɗaya bayan ɗaya tare da jinkirin kowanne.

Shawarata: ka riƙe saba biyu. Ta kusa, wadda Speedtest ya zaɓa maka, tana gaya maka lafiyar hanya tsakaninka da kamfaninka. Ta nesa tana gaya maka lafiyar hanyar fita waje, inda akasarin abin da muke buɗewa yake. In ta kusa ta yi kyau ta nesa ta yi muni, matsalar ba a unguwarku take ba. In duka biyun sun yi muni, fara bincike daga gida.

Mataki na 6: Gwajin kansa

Fara da jinkiri, don ba ya cin komai:

ping -c 20 ping.online.net

A Windows -n 20 ake rubutawa maimakon -c 20. Ka dubi matsakaicin lokaci, da kuma ko akwai saƙon da ya ɓace. Sannan hawa:

iperf3 -c ping.online.net -p 5203

A lura da kyau: in ba ka ƙara komai ba, iperf3 daga gare ka take turawa zuwa sabar, wato hawa take aunawa, na tsawon sakan 10. Mutane da yawa kan ga ƙaramar lamba a nan su ɗauka saukowarsu ce. Don auna saukowa sai ka ƙara babban harafin R:

iperf3 -c ping.online.net -p 5203 -R

In ta amsa maka da "the server is busy running a test", ba layinka ne ya lalace ba. Kwanon wani ne a injin. Ka canza lambar ƙofa, wadda ke bayan -p, zuwa 5204 ko 5207, ko ka jira minti ɗaya. Kada ka zauna kana maimaita umarnin kamar mai dukan ƙofa.

Mai tsimin forfe na da hanya biyu. Ko ya rage lokaci da -t 5, ko ya ƙayyade yawan bayanan da -n 10M, gwajin ya tsaya da zarar kimanin Mo 10 sun wuce. Ɗaya daga ciki ake zaɓa, ba a haɗa su. Sai dai gajeren gwaji kan nuna ƙasa da gaskiya, domin haɗin na farawa ne a hankali sannan ya ɗauki gudu. In ka ƙara -O 2, za ta yar da sakan biyun farko daga lissafi.

A ƙarshen gwaji za ka ga layi biyu masu kama da waɗannan, na kawo su a matsayin misali:

0.00-10.00 sec 11.9 MBytes 9.98 Mbits/sec 37 sender

0.00-10.12 sec 11.2 MBytes 9.28 Mbits/sec receiver

Na sama abin da aka tura ne, na ƙasa abin da ya isa. Na ƙasan za ka rubuta. Lambar 37 ɗin nan tana ƙarƙashin Retr, wato sau nawa aka sake tura ƙunshin bayanai saboda na farko ya ɓace a hanya. Kaɗan ba komai ba ne. Ɗaruruwa a sakan goma alama ce ta cunkoso ko raunin sigina. Amma kada ka tsaya a layin ƙarshe kaɗai. Ka bi layukan sama, na kowane sakan. Layin da ya ba da 9, 10, 9, 9 da wanda ya ba da 20, 0, 18, 0 matsakaicinsu kusan ɗaya ne, amma na biyun ba a iya kiran bidiyo da shi.

Yanzu ka sake saukowar da layuka huɗu:

iperf3 -c ping.online.net -p 5203 -R -P 4

Ka dubi layin da aka rubuta SUM. Sau da yawa za ka ga jimillar ta fi ta layi ɗaya nesa ba kusa ba, ga kuma dalili. Layi guda kamar ɗan garuwa ɗaya ne da rijiya mai nisa: yana kai ruwa, sai ya jira an ce ya isa kafin a ƙara masa. In abin da aka yarda ya ɗauka a tafiya guda kilo-okte 64 ne, zuwa da dawowa kuma milisakan 150, to ba zai wuce kimanin megabit 3.5 a sakan ba, ko da bututun na iya ɗaukar 50. Na'urorin yanzu kan ƙara masa kaya da kansu, amma da zarar wani abu ya zube a hanya sai su rage. Ƴan garuwa huɗu kuwa suna cike giɓin juna. Lambar layi huɗu ita ce faɗin bututunka. Lambar layi ɗaya ita ce abin da za ka ji a jikinka in kana sauke fayil guda daga nesa. Duka biyun gaskiya ne, ka rubuta su.

Mataki na 7: Gwajin murya da bidiyo

Wannan ne ya shafi matsalar Alhaji, dattijon nan mai fataucin aya. Kira ba ya bukatar gudu mai yawa, natsuwa yake bukata. Ana gwada ta da UDP, hanyar da ba a sake tura abin da ya ɓace:

iperf3 -c ping.online.net -p 5203 -u -b 2M

Wato ka tura megabit 2 a sakan daidai wa daida. A ƙarshe za ta ba ka Jitter, tangal-tangal ɗin jinkiri, da kuma kashi nawa cikin ɗari na ƙunshin suka ɓace. Ɓacewar da ta haura kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ana jin ta a kunne. Ba kowace saba ke karɓar UDP ba. Kuma ina roƙo, kada a sa babbar lamba a bayan -b. UDP ba ta ja da baya in hanya ta cika, sai ta ci gaba da ɗura wa layinka da sabar mutane, ka ƙone forfenka a banza ka kuma ɓata gwajin wani.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai. Buɗe baƙin allo biyu. A ɗaya ka bar ping na tafiya, a ɗayan ka kunna gwajin hawa. In jinkirin da yake 120 ya yi tsalle zuwa 900 ko fiye muddin gwajin na gudana, to ka gano abin da ke kashe kira a gidanka: duk lokacin da wani ya ɗora bidiyo a status, saƙonnin kowa sai su yi layi a bayansa.

Mataki na 8: Wanke wifinka daga zargi

Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, auna cikin gida. Wannan ba ya cin forfe ko kaɗan. A kwamfutar da ke haɗe da akwatin ta kabul ka rubuta:

iperf3 -s

Ta zama saba ke nan. Ka nemo adireshinta na cikin gida, da ipconfig a Windows ko ip addr a Linux, yawanci yana farawa da 192.168. A salula, ta wifi, ka rubuta iperf3 -c da wannan adireshin. In Windows ta tambaye ka izini, ka ba ta. Ka gwada kusa da akwatin, ka gwada a zaure, ka gwada a ɗakin can ƙurya. In a ƙurya wifin kansa megabit 4 yake bayarwa, ba kamfanin da zai sa ka ga 20 a wurin. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi duk suna cin sigina. In kuma ta kabul ka ga lamba ta maƙale a wajen 94, ba ta gaba ba ta baya, to kabul ɗin ko ramin da ka soka shi na megabit 100 ne.

Mataki na 9: Kaye da biro

Gwaji ɗaya labarin minti ɗaya ne. Eriyar da ke unguwarku ta kowa ce, abin da take bayarwa bayan asuba daban ne da na bayan isha'i lokacin da gari duka ya hau. Ka ja layuka a kaye: rana, lokaci, wurin da ka tsaya, na'ura, kabul ko wifi ko sim, saba, saukowa, hawa, jinkiri. Ka bar fili a gefe don abin da ka lura da shi, kamar an ɗauke wuta a unguwa, ko ana ruwa, wanda ke shafar masu intanet na tauraron ɗan Adam.

Sau uku a yini ya isa: da safe, da azahar, da dare, har kwana bakwai, da na'ura ɗaya a wuri ɗaya, ba tare da canza sabobin ba. In hali ya yi, a kowane zama ka gwada sau uku ka ɗauki lambar tsakiya, kada ka haɗa ka raba, domin gwaji guda da ya ci karo da cunkoson sabar zai ja lissafin ƙasa. Amma ka san kuɗinsa: a layin da ke sauke megabit 10 yana hawa da 3, saukowa da hawa sau ɗaya kusan Mo 16 ne, sau 63 a mako ya kai wajen Go 1. In wannan ya yi yawa, ka yi sau ɗaya a kowane zama da -t 5. Kuma kada ka rubuta umarnin da zai riƙa gwaji da kansa kowane minti a sabar jama'a. Mai bukatar irin wannan ya yi hayar tasa.

Da me za ka kwatanta lambobin? YouTube na ba da shawarar megabit 1.1 don bidiyon 480p, 2.5 don 720p, 5 don 1080p, ga mutum ɗaya. Ka ninka da yawan masu kallo tare. Sannan ka karanta takardar da kuka yi da kamfani. In an rubuta "har zuwa" kaza, iyakar sama aka faɗa maka, ba alkawari ba. Layin da aka keɓe wa ofis ko siber da tabbacin sauri daban ne, kuma a kansa kaye ɗinka ya fi ƙarfi. Ƙorafi wajen kamfanin ake fara kai shi. In bai yi ba, ARCEP ce hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa a Nijar.

Da mako ya cika na koma wajen Alhaji da kaye. Saukowa a shagon ba ta da laifi da rana, amma hawa ba ta kai megabit 1 ba. Akwatinsa mai sim ne, kuma yara sun ajiye shi a ƙasa cikin sito, bayan tarin buhunan aya, ƙofar ƙarfe a rufe. Eriyar kamfani na da ƙarfin da za ta iso shi, shi kuma ɗan ƙarfinsa bai isa ya mayar da amsa ta cikin wannan duka ba, shi ya sa hawa ke fara mutuwa in sigina ta yi rauni. Da na shiga shafin akwatin kuma na tarar da salula goma sha ɗaya a haɗe, alhali mutum huɗu ne a shagon.

Na ce, "Alhaji, a samo mini ƙusa biyu da ɗan katako." Muka kafa shi sama kusa da taga, na canza kalmar sirri, na sake gwajin a gabansa. Hawa ta koma 6. Ya kira mutumin nasa na Kano a take, ya sa yaro ya kwance bakin buhu, ya dumbuzo aya a hannu ya kara a gaban salula yana juya ta, muna jin na can yana cewa a ɗan matso da ita.

Faɗuwar da ake samu tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare kuwa ba ta gyaru ba, ta bayyana a duk kwana bakwai ɗin, ta kabul da ta wifi, a sabar kusa da ta nesa. Na yi kwafin shafi biyun na ba babban ɗansa, ya kai ofishin kamfanin ranar Litinin, ni kuma na bar musu kayen a shagon da layukan mako na biyu a jajjaye.